Makero a Jikin Kare: Shawarwari ga Gidajen Fagge da Sabon Gari

Ba a san Kano da kiwon kare ba, amma wanda ya san Ƙaramar Hukumar Fagge ciki da bai ya san karnuka ba su yi ƙaranci a cikinta ba. A Sabon Gari, daga France Road zuwa New Road har Zungeru Road, gidaje da otal-otal da sito-sito suna ajiye su don gadi, wasu 'yan gida, wasu irin na waje da aka saya da kuɗi masu kauri. Akwai na 'yan farauta, akwai na 'yan sintiri, ga kuma marasa ubangida da ke kwana a bakin kwatoci da kewayen Abbatuwa. Unguwanni ne masu cunkoso, inda gidan haya ɗaya kan ɗauki iyalai da dama, tsakar gida ɗaya, igiyar shanya ɗaya, yara suna wasa a ƙasa ɗaya. A irin wannan zama, ciwon fatar kare ba ya tsayawa a jikin kare.

In gashin kare ya fara zuba, abu biyu aka saba yi: ko a bulbula masa baƙin mai, ko a kai shi nesa a yar. Duka biyun cutarwa ce ga dabbar, kuma babu wanda ke raba gida da ciwon. Makero yana warkewa sarai, in dai an tabbatar shi ne, an yi magani har ƙarshe, an kuma tsaftace wurin da karen yake kwana.

1. Ku san abin da kuke fama da shi. Ba tsutsa ke kawo makero ba. Ƙwayoyin fangas ne, dangin funfunar nan da ke fitowa a jikin burodi in ya daɗe a leda. Abincinsu shi ne gashi da farce da saman fata, shi ya sa suke shiga cikin silin gashi su yi ta ci har ya karye. Iri uku ne suka fi kama kare. Na farko Microsporum canis, wanda a ƙididdigar da likitocin dabbobi na Amurka suka saba kawowa yake ɗauke da kusan kashi 70 cikin 100, kuma yawanci daga kyanwa ko wani karen ake samunsa. Na biyu Microsporum gypseum, kusan kashi 20, a cikin ƙasa yake zaune, yana kama karen da ke tono da hanci da farce. Na uku Trichophyton mentagrophytes, kusan kashi 10, daga ɓeraye da ire-irensu. A wurinmu, inda kare ke kwana a turɓaya yana kuma bin ɓera a sito da bakin kwata, ba za a raina biyun ƙarshen nan ba.

Daga ranar da kare ya ɗauka zuwa ranar da za a ga alama akan yi mako 1 zuwa 3. Alamar da aka fi sani ita ce wuri ya yi sanƙo a zagaye, faɗin murfin kwalba ko fiye, fatar ta yi toka-toka tana fitar da ɓawo, gashin gefe ya zama guntu-guntu. Ya fi fitowa a fuska, kunnuwa, ƙafafun gaba da wutsiya. Sau da yawa ba ya yin ƙaiƙayi sosai. Kwikwiyo, tsohon kare, da wanda yunwa ko wata cuta ta raunana, su ya fi kamawa.

2. Kada ido kaɗai ya yanke muku hukunci. Nan ne yawancin kuɗin magani ke salwanta. A bakin mutane, duk karen da gashinsa ya zube sai a ce kirci ne ko ƙazuwa, alhali cututtuka huɗu ko biyar ne masu kama da juna, kowacce da nata maganin.

Ƙazuwar kare wani ƙwaro ne da ido ba ya gani, mai suna Sarcoptes, yana haƙa rami a cikin fata. Karen da ke da ita ba ya barci ba ya hutawa, susa dare da rana, kuma ta fi farawa a gefen kunne, gwiwar ƙafar gaba da ciki. Akwai wani ƙwaron, Demodex, da ke zaune a ramin gashi, ya fi tashi a jikin kwikwiyo, yana sa sanƙo a kewayen ido da baki ba tare da ƙaiƙayi mai yawa ba. Cizon ƙuma kan sa kare ya cinye gashin gadon bayansa kusa da wutsiya. Sai kuma ƙurajen bakteriya, waɗanda in sun fashe sukan bar zagaye mai ɓawo a gefe wanda ba ya rabuwa da makero a ido. Likitocin fatar dabbobi sun sha faɗar cewa a jikin kare, abin da ya yi kama da makero sau da yawa waɗannan ƙurajen ne.

Ga amfanin sanin haka. Allurar ivermectin da ake yawan yi wa karnuka tana kashe ƙwaron ƙazuwa, amma ba ta yi wa fangas komai. Maganin fangas ba ya taɓa ƙwaro. Kafson kashe bakteriya ba ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu. Mutum zai yi wata biyu yana sayen abin da ba shi ne ba, cutar tana ta yaɗuwa a gidan. Kuma kare ɗaya yana iya haɗa biyu a lokaci guda.

3. Ku kai shi wurin likitan dabbobi tun wurin yana ɗaya. A Kano akwai asibitin dabbobi na gwamnati a Gwale da kuma Kundila, ga masu zaman kansu a cikin gari. In abin ya gagara, akwai Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda take aiki tun 1924. Abin da nake roƙo shi ne ku tabbatar likita ne na gaske, ba mai sayar da maganin dabbobi da ya iya riƙe sirinji ba.

Kada ku yi wa karen wanka ko ku shafa masa komai kwana biyu kafin zuwa, domin hakan yana ɓata gwaji. In kun riga kun shafa wani abu, ku tafi da kwalin. Likita zai kankaro fatar da ɗan reza, ya tsige gashi daga gefen zagayen, ya duba a madubin hangen ƙwayoyin cuta, don ya ga ko ƙwaro ne. Wasu suna da fitilar Wood, wadda ta samo suna daga wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Robert Wood, da ya ƙirƙiro gilashinta a 1903. In an haska ta a ɗaki mai duhu, gashin da Microsporum canis ya kama yakan yi ƙyalli kore shar. Sauran iri biyun ba sa ƙyalli, don haka rashin ganinsa ba ya wanke kare. Gwaji mafi tabbas shi ne a shuka gashin a ɗakin gwaje-gwaje a jira fangas ɗin ya tsiro, abin da kan ɗauki mako 2 zuwa 3. Ba a jiran sakamakon kafin a fara wanka da keɓewa.

Ku shirya amsar tambayoyin da zai yi: yaushe abin ya fara, akwai kyanwa a gidan, akwai yaron da ke da tabo, karyar tana da ciki ko tana shayarwa.

4. Baƙin mai ba magani ba ne, haka kalanzir, fetur, man birki da ruwan batir. Wannan al'ada ta yi ƙarfi a wurinmu saboda garejin kanikawa yana kusa kuma kyauta ake bayarwa. Maƙwabci zai leƙo ya ce, "Maigida, ai wannan ba sai an je asibiti ba, a samo baƙin mai a shafe shi, kwana uku ya wuce." Abin da ke faruwa a zahiri shi ne man ya rufe wurin da baƙi, a daina ganin tabon, a ɗauka ya warke. A ƙarƙashi fatar tana ƙonewa. Kare kuma ba ya barin abu a jikinsa, sai ya lashe, kuma baƙin mai cike yake da dattin inji da guba masu illa ga hanta da ƙoda. Wanda ya taɓa ganin kwikwiyon da aka shafe da shi a zafin watan Afirilu, yana haki, yana amai, fatar cikinsa ta yi jajur ta saɓule, ba zai sake ba wani wannan shawarar ba.

Haka Sniper da duk wani maganin ƙwari na gona ko na ɗaki. Guba ce da ke shiga ta fata, tana kashe kare, kuma ba ta kashe fangas. Izal da Dettol ma ba na jikin dabba ba ne, kyanwa kuwa suna iya halaka ta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In an riga an shafa ɗaya daga cikin waɗannan, a wanke shi da sabulun wanke-wanke na ruwa da ruwa mai yawa, a garzaya asibiti.

5. Ku yi hattara da man shafawa mai haɗi uku. In mutum ya shiga kemis ya ce, "Malam, ba ni man ƙaiƙayi," yawanci irin su Funbact-A ko Skineal za a miƙo masa. Suna ɗauke da maganin fangas, gaskiya ne, amma a cikinsu akwai sinadarin sitiroyid mai ƙarfi, betamethasone a na farko, clobetasol a na biyu. Aikin sitiroyid shi ne ya kwantar da ja da ƙaiƙayi ta hanyar danne garkuwar fata. Sai wurin ya yi kyau a kwana uku, fangas ɗin kuma ya samu sarari ya yi ta faɗaɗa, in an daina shafawa ya dawo ya fi da. Ga shi kare yana lashewa.

Ba ƙaramin abu ba ne. A Indiya, inda aka daɗe ana sayen irin wannan mai barkatai, an samu wani nau'in makero na mutane da ke bijire wa terbinafine, ɗaya daga cikin manyan magungunansa. A 2020 aka sa masa suna Trichophyton indotineae, kuma tuni ya tsallaka zuwa wasu nahiyoyi. In za a sayi man shafawa, a karanta jikin kwalin, a nemi mai clotrimazole ko miconazole ko terbinafine zalla, a kuma duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ko shi ɗin ma, a jikin kare taimako yake yi kawai, domin ƙwayoyin sun riga sun bazu a gashin da ido ke ganin lafiya lau yake.

6. Ku keɓe shi, amma kada ku yar da shi. A ware masa wuri mai siminti, mai inuwa da iska, wanda za a iya wankewa, nesa da inda ake girki da inda yara ke wasa. Mutum ɗaya babba ya ɗauki nauyin kula da shi, da safar hannu da wata tsohuwar riga da ba a shiga ɗaki da ita. Keɓewa ba ɗaurin talala a rana ba ce. Yana buƙatar ruwa, abinci, da wanda zai zo ya yi masa magana, musamman kwikwiyo.

Wanda ya kai karensa bayan gari ya saki bai rabu da komai ba. Ƙwayoyin suna nan a ƙasan gidansa, ya kuma kai cutar wata unguwa inda wasu yaran za su taɓa shi. Mu da muka tashi a kan mazhabar Malikiyya mun san a wurin Imamu Malik kare mai rai ba najasa ba ne, kuma hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa ya shayar da kare yana cikin Bukhari da Muslim. Maƙwabtanmu Kirista na Sabon Gari su ma sun san abin da Littafin Karin Magana, sura 12 aya 10, ya ce game da adali da dabbarsa. Dabbar da ta kwana tana gadin ƙofarka shekara da shekaru tana da haƙƙin jinyar mako shida a kanka.

7. Ku koyi wankan magani yadda ya kamata. Wanka ne ke kashe ƙwayoyin da ke kan gashi, waɗanda su ne ke zuba a ƙasa su kama mutane. Abin da aka fi amincewa da shi shi ne shamfu mai haɗin miconazole kashi 2 da chlorhexidine kashi 2, sau biyu a mako. Chlorhexidine shi kaɗai bai isa ba.

Ga yadda ake yi. A zaɓi lokacin da rana ta ɗaga, musamman da hunturu, a surka ruwa ya yi ɗumi-ɗumi. A sa safar hannu. A jiƙa karen har ruwa ya kai fata, ba saman gashi kawai ba. A zuba shamfu a tafin hannu, a fara daga wuya a gangaro baya, ciki, hammata, matsematsi, tsakanin yatsu da ƙarƙashin wutsiya, jiki duka, ba wurin tabo kaɗai ba. Fuska kuwa da ɗan soso ko tsumma ake bi, a kiyaye ido da ramin kunne. Kada a dirje da ƙarfi, domin karya gashi da kuje fata suna buɗe wa fangas sabuwar ƙofa. Daga nan sai a duba agogon waya a jira minti 10 cif, kumfar tana jikinsa. Nan ne kusan kowa ke gazawa: kare yana fizge-fizge, mai wanka ya gaji, a minti biyu an ɗauraye, an zubar da magani a kwata. A riƙe sarƙar, a yi ta shafa kansa ana lallashi har lokacin ya cika. Sannan a ɗauraye tas, a goge da tawul ɗinsa na kansa, a bar shi ya bushe sarai kafin ya koma keji.

Wasu likitoci suna ba da ruwan wanka na farar wuta da aka haɗa a kamfani. Yana aiki ƙwarai, kuma shi ba a ɗauraye shi, a jiki yake bushewa. Yana da wari mai ƙarfi, yana rina farin gashi ya koma ɗorawa, yana baƙanta zoben azurfa. A surka shi daidai yadda aka rubuta, kuma kada wani ya sayo farar wuta a kasuwa ya ce zai haɗa nasa.

In kare mai dogon gashi ne, irin su Lhasa, a rage gashin kewayen tabon da almakashi a hankali, a tattara a ƙona. Kada a kai shi ga kilifar da ake aske mutane da ita.

8. Maganin sha, likita ne ke yanka shi. Wanka ba ya kaiwa ga fangas ɗin da ke can cikin ramin gashi, shi ya sa ake haɗawa da na sha. Waɗanda aka fi zaɓa a yau su ne itraconazole da terbinafine. Akwai ketoconazole, mai sauƙin kuɗi amma ya fi wahalar da hanta. Akwai kuma griseofulvin, tsohon magani da aka fara amfani da shi a kan makero a 1958, wanda jiki bai cika tsotsarsa ba sai an haɗa shi da abinci mai maiƙo. Ba a ba karya mai ciki griseofulvin, domin yana nakasa abin da ke cikinta, kuma mace mai juna biyu kada ta zama ita ce mai farfasa ƙwayoyin.

Da nauyin kare ake auna magani, don haka abin da aka rubuta wa karen maƙwabci ba naka ba ne. In ya daina cin abinci, ko yana amai, ko farin idonsa ya koma ɗorawa, a tsayar da maganin a koma asibiti a ranar. A kuma sayi magani a wurin da ke da rajista kuma ba a jibge kaya a rana ba.

9. Gidan ma yana buƙatar magani. Ƙwayoyin irin fangas da ke manne a gashin da ya zube suna iya yin wata 18 da ransu a wuri mai inuwa. Babban aikin shi ne kwashe gashin. A yayyafa ruwa kafin shara don kada ƙura ta tashi da shi, a kwashe a ƙona ko a ƙulle a leda. Sai a wanke simintin da omo da burushi har ya fita fes, a ɗauraye. Bayan nan ne ake zuba bilic, irin su Hypo ko Jik, gwangwani 1 a gwangwani 10 na ruwa, a bar shi minti 10, a sake ɗaurayewa, a bari ya bushe kafin kare ya taka. Bilic ba ya aiki a kan datti, kuma wanda aka surka jiya ya rasa ƙarfinsa. Kada a gauraya shi da wani maganin wanke banɗaki, hayaƙin da ke tashi yana illa ga huhu. Kada kuma ya taɓa jikin dabba.

Tsumma da tawul a wanke su sau biyu, su kaɗai, a shanya a rana mai zafi, ba a igiyar da ake shanya kayan yara ba. Kwali, tsohuwar katifa, buhu da tabarmar da ya kwana a kai, ƙona su ya fi sauƙi. Kwanon abinci, abin wuya, sarƙa da burushi duk a wanke. Na san ruwa sayensa ake yi a wurin 'yan garuwa, kuma jarka ba ta arha. Shi ya sa keɓe kare a ƙaramin wuri yake da amfani: wanke taku huɗu sau biyu a mako ya fi wanke gida duka.

10. Ku duba kyanwa. Gidaje da yawa a Fagge ba su da kare amma suna da mage, tana hawa gado, tana kwana a kan sallaya da kayan jariri. Ita ce babbar ma'ajiyar Microsporum canis, kuma tana iya ɗauke da shi a gashinta ba tare da tabo ko ɗaya ba. In an yi wa kare magani an bar ta, za a yi ta zagaye wuri ɗaya. A kai ta a duba, kuma kada a ba ta maganin kare, jikinta ba ya jure abubuwa da dama da nasa ke jurewa. Maruƙa, tumaki, zomaye da dawaki ma suna yin nasu makeron, kuma yana kama mutum.

11. Ku duba yara, amma kada a ɗora wa kare laifin kowace ƙora. Makeron dabba a jikin mutum yakan fito a hannu, wuya, fuska ko ƙirji, zagaye ja mai tudu a gefe, tsakiyarsa ta ɗan washe, yana ƙaiƙayi. Ɗaya ko biyu a jiki sukan ji man clotrimazole ko terbinafine zalla, ana shafawa mako 2 zuwa 4. Na kai daban ne. Ƙora ba ta jin man shafawa, domin fangas ɗin yana cikin saiwar gashi, sai an sha magani na makonni, yawanci 6 zuwa 8 in griseofulvin ne. In kan yaro ya kumbura ya yi taushi yana fitar da ruwa, ba maruru ba ne da za a matse ko a tsaga, kuma jinkiri yana barin sanƙo na har abada. A kai shi asibiti. Asibitin Bela ya yi suna a kan ciwon fata, akwai kuma likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Gaskiyar da ya kamata iyaye su sani ita ce yawancin ƙorar da ke kan yaranmu ba daga dabba take ba. Nau'o'in da suka fi yawa a Afirka ta Yamma daga mutum zuwa mutum suke yawo, ta kilifar aski, aska, mataji, hula da matashin kai. Gidan da bai taɓa ajiye kare ba yana iya cika da ita. Kowane yaro da matajinsa da tawul ɗinsa, kuma iyalin da ke da hali su sayi kilifarsu. Masu ciwon suga, masu ɗauke da cutar da ke karya garkuwar jiki, tsofaffi da jarirai su nisanci karen har ya warke.

12. Wari, maiƙo da girgiza kai wani fangas ne daban. Sunansa Malassezia pachydermatis, dangin yis ne, kuma dama yana zaune a fatar kowane kare lafiyayye. Sai ya samu laima da ɗumi yake yin yawa, shi ya sa ya fi tashi da damina, musamman a Agusta, lokacin da kwatocin Sabon Gari ke cika, keji ba ya bushewa. Karen yakan yi wani wari mai tsami ko da an yi masa wanka jiya, fatar hammata da wuya da matsematsi ta yi maiƙo, in ya daɗe ta yi kauri ta yi baƙi. Yana lasar tafin ƙafa ba ƙaƙƙautawa har gashin wurin ya koma ja-ja. In a kunne ne, za a ga baƙin datti mai danƙo, yana girgiza kai yana kartar kunnen. Karnuka masu faffaɗan kunne da ke rufe rami da masu naɗaɗɗiyar fata sun fi fama da shi.

Shamfun nan na miconazole da chlorhexidine yana maganinsa. Na kunne kuwa sai likita ya leƙa ya tabbatar dodon kunnen bai fashe ba kafin a ɗiga komai. Kada a zura tsinken auduga, kada a ɗiga manja ko man gyaɗa. A ɗaga kejin daga ƙasa da bulo, a gyara rufin, a goge ƙafafunsa in ya taka ruwa. In yana dawowa duk bayan 'yan watanni, akwai abin da ke tayar da shi, ƙuma ne, ko wani abinci da jikinsa ba ya so, ko matsalar sinadaran jiki, kuma shi za a nema. Wannan fangas ɗin bai cika kama mutane ba, amma a 1998 an wallafa rahoton yadda ya kama jarirai bakwaini a wani asibiti a Amurka, inda bincike ya nuna ta hannun ma'aikatan da ke da karnuka a gida ya shiga. Ma'aikatan jinya masu kare su riƙe wanke hannu da muhimmanci.

13. Ƙoshi da rigakafi rabin magani ne. Karen da ba ya samun komai sai ƙanzo da ruwan wanke tukunya ba zai yi saurin mayar da gashi ba. A haɗa masa da ƙwai, kifi, ko tarkacen nama dafaffe. A ba shi maganin tsutsar ciki, a raba shi da kaska da ƙuma. Tunda an je asibiti, a yi masa allurar haukan kare in lokacinta ya yi, daga wata 3 da haihuwa, sannan duk shekara. Sabon kwikwiyo kuwa, kafin a biya kuɗi a buɗa gashin fuskarsa da kunnuwa da ƙafafu a cikin haske, in an kawo shi gida a ware shi mako 2 zuwa 3 kafin ya haɗu da yara da sauran dabbobi.

14. Tsirowar gashi ba ita ce warkewa ba. A mako na uku ko na huɗu tabon zai fara rufewa, kare ya yi kyan gani, maigida ya ga kuɗin shamfu ya isa haka. A lokacin ƙwayoyin suna nan da rai a gashinsa. Jinyar makero takan ɗauki mako 6 zuwa 8, wani lokaci fiye. A rubuta ranar farawa a kalanda, a riƙa yin alama a kowace ranar wanka, Litinin da Alhamis misali, don kada a dogara da tuni. A ɗauki hoton tabon da waya duk mako a wuri ɗaya, a nuna wa likita. In an yi mako 4 babu sauƙi, ko sababbin tabo suna fitowa, a koma a sake gwaji, domin ko dai ba makero ba ne tun farko, ko akwai wata dabba a gidan da ke sake shafa masa. Inda ake iya shuka gashi, sai sakamako ya nuna babu fangas ake tsayawa. Inda ba a iya ba, likita zai ƙara makonni bayan tabon ƙarshe ya ɓace, kuma a cikin waɗannan makonnin ana ci gaba da wanka da wanke keji kamar ranar farko.